Mushe Barau Ya Raba Telbijin Biyu

Duk ƙasar Magariya babu mai ilimin Mushe Barau (Mushe, wato Malam a bakin Nasara), shi da kansa ya tabbatar da haka. Wata uku ya yi a Yamai yana koyon gyaran telbijin, ya dawo da tabarau, da karabat a wuya, da ciwon mantuwar Hausa. 'Yan biro, abokan aikinsa na ofis, suna kiransa Sarkin Wayoyi, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

A 1976, bayan darɓa ta cinye gyaɗa, aka aiko da telbijin da wani fim mai koya wa manoma gane ƙwaron da yadda ake kashe shi. Aka damƙa wa Barau. Ya kalli fim ɗin sau biyu, ya gano babban aibinsa: babu Barau a ciki.

Kwana tara ya kulle kansa da kamara da wata na'ura mai maɓallai goma sha biyu. Ya murɗa wannan, ya saita wancan, ya jona waya, har hoton gilashin telbijin ya rabu biyu: dama fim, hagu duk abin da kamara ta kalla. Kamarar kuwa ya san wanda za ta kalla.

Ranar kasuwa da hantsi manoma suka cika ajin lakwal, makarantar boko, wasu tun daga Bande da Dungas a amalanke, don irin gyaɗar da ya rage musu shi ne na ƙarshe. Barau ya gyara karabat.

“Jama'a, ko a birnin Pari mu biyu ne muka iya wannan. Ɗayan ya rasu.”

Ya zauna gaban kamara, ya danna. Fuskarsa ta cika hagu tana sheƙi. Ashe rabin fim ɗin da ya rufe, nan hoton ƙwaron yake. A dama ganye ne kawai.

Muryar fim ta ce, “Ku dube shi da kyau, ga shi nan a hagu. Shi ya cinye muku gyaɗa. Ba ya aikin komai sai tsotso.”

Barau ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai, don bai saba sauraren muryar da ba tasa ba.

Tsoho Labbo na Yekuwa, wanda ya yi asarar gona uku, ya dogara sanda ya miƙe. Ya dubi gilashi, ya dubi Barau.

“Ranka ya daɗe, mun gan shi, mun kuma gane shi. Saura maganin. Cokali nawa ake zuba masa?”