Allon da Na Kai Asibiti Kano

Ni ne malamin kwamfuta a makarantarmu ta Tsanyawa, kuma ni na kafa dokar da bakina: don kada ƙaramin janaretonmu ya shaƙe, a fara kunna kwamfuta, allo ya biyo baya. Ran da za mu buga tambayoyin jarrabawa, rubutu ya fito ƙato-ƙato, rabin shafi ya ɓace. A gaban malamai na juya kan Malama Rabi mai koyar da Larabci.

"Malama, ke kika taɓa ta jiya. Wannan ba aikin kowa ba ne."

Na naɗe allon a bargo, na rungume shi a bas har Kano. Mai gyara ya jona, lafiya lau. Na dawo na kunna yadda na saba, cuta ta dawo.

Malama Rabi ta kashe komai, ta fara kunna allon, sannan kwamfutar. Rubutu ya daidaita.

"Malam, in ta tashi ba ta ga allo ba, awo take masa da ka."

Jarrabawa ta makara kwana biyu. Har yau direban bas ɗin nan ba ya wuce ni sai ya leƙo yana tambayar allon: "Malam, ya mai jiki?"