Ekran Mai Tsage Hoto

"...da zahi kuma? Ina wahalar bauta, bawana?"

"Lahiya lau. Shigo ki ja ƙyauren, Sahura, yau ba ni da bakin wasa."

"Kai da ba ka da baki, wa yak kira ni sau bakwai cikin waya?"

Sahura ta shigo ta ajiye jakarta a kan benci. Taubashiyar Rabilu ce, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, don haka tun suna yara take kiransa bawa, kamar yadda 'ya'yan namiji suka saba yi wa 'ya'yan mace. Ta yi karatun informatik a Yamai, yanzu tana gyaran ordinater, wato kwamfuta, kusa da tashar Dogon Dutsi. Shi kuwa Rabilu shekara shida yana zuwa biɗa, wato ci-rani, Kwatano, bana ya rantse ya daina. Ya sayar da babur ɗinsa ya buɗe ɗakin wasan bidiyo, ya je Sakkwato ya sayo wani ekran, wato allon nuna hoto, dogo mai lanƙwasa, da kartin hoto, wato abin da ke cikin ordinater yana zana hoton wasa. Yau bayan la'asar yake gasar tseren mota ta farko, samarin Tibiri da na Kore Mairuwa suna bisa hanya.

Ya kunna wasan. Mota ta tashi lafiya, amma tana shan kwana hoton ya rabe biyu, saman ya yi gabas, ƙasan ya yi yamma.

Sahura ta riƙe haɓa. "La ilaha! Wanga ekran na ko tabarmar masallaci? Hwaɗi kamar gonar gandu, ga shi ya kece kamar wandonka na sallar bara."

"Ki bar wandona, ki duba aiki. Ko doguwa ta tash shiga ciki?"

"Doguwa tana da aikin yi, ba ta shiga kayan bayi. Na ce maka ko ban ce maka ba, kahin ka sayi karti ka aiko man lambar ekran?"

"Kin ce."

"Ka aiko?"

"Ba rezon waya a kasuwar."

"Ba rezo, amma hotonka ya iso muna kana cin balangu! Girman kai rawanin tsiya. Ina kwalin kartin?"

Rabilu ya sosa ƙeya. "Ba shi da kwali. Mai shagon ya ce wani Bature yay yi aiki da shi wata uku kawai."

"Kowane tsohon kaya a Sakkwato Bature yay yi aiki da shi wata uku. Wanga Bature ba shi barci?"

Ta durƙusa ta kwance murfin ordinater, ta haska ciki da fitilar waya. Rabilu ya tsaya a kanta, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya kasa haƙuri.

"Jabu na?"

"Matsa, inuwarka ta rufe man haske."

"Sahura, don girman Allah, jabu na?"

"Ba jabu ba na. Tsoho na dai, kamar kai, amma da sauran numhwashi." Ta miƙe ta karkaɗe hijabinta. "Ka san lugude? Mata biyu turmi guda. In wagga ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, daka ya yi daɗi. In kowa ta bi son ranta, taɓare su haɗu, hatsi ya watse. To ekran ɗinka shina sake hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa guda, kartinka kau wani lokaci sittin, wani lokaci tamanin. Ba mai jiran wani. Shi ya sa hoton ke tsagewa."

"To a sasanta su mana."

"Akwai abin sasantawa, sinkro sunanshi. Shi ke sa ekran shi jira karti. Amma wanga kartin ba shi yin sinkro ta kabul ɗin HDMI da kal liƙa mashi. Sai kabul ɗin DP."

"In ruga kasuwa?"

"Ruga da mi? Da babur ɗin da kas sayar? Ko ka tahi da jirgi, babu shi cikin Dutsi. Bara na bi shaguna ɗai ɗai, ƙarshe daga Yamai anka aiko man. Ba a hwahe gora ranar tahiya, bawana."

Rabilu ya zauna a bakin benci ya zuba wa ekran ido, motar na can ta daki katanga tana hayaƙi. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Na gaya ma Inna ba ni sake zuwa Kwatano. Har sadaka tay yi. In Abdulwahid yaz zo da mutanen Tibiri sunka ga wanga abu, gobe kowa ɗakin wasanshi za ya koma, ni kau in naɗe tabarmata."

Sahura ta dube shi. Ta buɗe baki da wata zolayar, ta haɗiye. Ta jawo jakarta ta zuge, ta zaro baƙin kabul a naɗe.

Rabilu ya zabura. "Muguwa! Shina nan tun ɗazu kinka bar ni ina mutuwa?"

"Tun da kak kwatanta man cutar cikin waya na san maganinta. Daga ordinater ɗin aikina na cire shi, yanzu haka shagona a kashe yake sabadda kai. Ce 'ni bawanki na', in liƙa."

"Ni? Jikan mahalba? Gara in koma Kwatano da ƙahwa."

"Mahalban ɓeraye ba. Allah shi kiyaye hanya."

"Liƙa tukuna, in ya yi mu yi magana."

"Ka ji bawa da ciniki."

Ta zare tsohon kabul ta liƙa nata. Ekran ya yi baƙi ƙirin. Suka jira. Bai dawo ba. Daidai nan rurin babura ya cika titi, guda, biyu, har ba a ƙirgawa, suka tsaya a ƙofar shagon.

"Kin kashe shi!" in ji Rabilu. "Dā rabin hoto gare ni, yanzu ko rabin babu!"

"Tahi ka tsare ƙohwa."

"In ce masu mi?"

"Gaisuwa! Ba abin da kaf hi iyawa ke nan ba? Ka gaida su har kakanninsu."

Aka buga ƙyaure. Muryar Abdulwahid, mai ɗakin wasan Tibiri, ta shigo. "Salamu alaikum! Rabilu, mun iso da wuri, mu ga ekran ɗin da anka cika muna kunne da shi."

Rabilu ya buɗe kaɗan, ya toshe ƙofar da jikinsa. "Maraba da mutanen Tibiri! Ina gajiya? Ina hanya? Ina su Baba? Ina zahi? Ina... ina awaki?"

"Awaki kuma? Buɗe muna, rana na dukanmu."

"Ana shara."

"Ekran ɗin aka sharewa?" Samarin suka kwashe da dariya.

A bayansa Sahura tana laluben maɓallan da ke ƙarƙashin ekran, yatsunta na santsi da gumi. Ta danna wannan, babu. Ta danna wancan, wani ɗan rubutu ya fito ya ɓace. Sai ta tuna ekran yana can yana jiran hoto ta tsohuwar ƙofar HDMI. Ta juya shi zuwa DP. Haske ya dawo. Ta shiga ta kunna sinkro a ekran, ta kunna a ordinater, ta tashi motar. Hoton bai tsage ba, amma a kwana yana ɗan cijewa.

"Rabilu," ta ce a hankali, "zan rage inuwa da ƙyallin motoci."

Ya waiwayo, rabin jikinsa a waje. "Kar ki taɓa! Ƙyallin nan shi na ƙawar abin."

"Linzami ya hi ƙarhin bakin kaza. Tsohon kartinka ba shi ɗaukar wanga hwaɗi da kwalliya gaba ɗai. Zaɓi, ƙyalli ko gudu."

Abdulwahid ya fara tura ƙyauren. Rabilu ya runtse ido. "Gudu."

Ta rage. Motar ta shiga kwana ta farko sumul, ta biyu sumul, dutse da itace suna wucewa kamar ruwa a gulbi. Sahura ta sauke numfashi ta goge hannu a hijabi.

"Sake masu ƙohwa."

Samarin suka ɗuro ciki, suka yi cirko cirko. Abdulwahid ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ekran, yana neman aibu. Ya juya kai hagu, ya juya dama.

"Kai, wanga abu ya yi," ya ce. "Wa yah haɗa maka shi?"

Rabilu ya buga ƙirji. "Wa kau in ba..."

Sahura ta miƙa hannu bayan ekran, ta kama kabul ɗinta da yatsu biyu, ta ɗaga gira tana murmushi.

Dariya ta kubce wa Rabilu har ya dafa bango. Ya cire hularsa, ya ɗauki manet, abin tuƙa motar wasan, da hannu biyu, ya durƙusa a gabanta, mutanen Tibiri na kallo.

"Ku shaida, jama'a. Ni bawanta na, ɗan baiwarta. Uwargijiya, tseren hwarko naki na, kuma zabuwar da Inna tas soya man ta biki, har romon, gidanku za ta."

Sahura ta karɓi manet ta haye kujera ta gyara zama.

"Allah shi yi maka albarka, bawana. Tashi ka yi man hihita, in koya ma mutanen Tibiri tuƙi."