An Ari Kumatun Jikata

Ranar Talatar da ta wuce aka ari jikata. Na san mai karatu zai ce tsufa ya fara taɓa Jelani, to da hankalina. Mu a Runjin Sambo aro ba baƙon abu ba ne. Ana aron tabarma ranar suna, ana aron tukunya ranar buki, ni kaina an taɓa aron babbar rigata aka je neman aure da ita, aka kuma dace. Amma aron mutum mai rai, ɗan shekara biyu da rabi, sai bana na gani.

Ina zaune ƙofar gida da hantsi ina shan kunu, Nabila ɗiyar ɗana Sahabi tana kan cinyata tana taya ni fiye da yadda na nema, sai ga Gazali ya diro daga kabu-kabu. Shi ne jami'in tsare-tsare na cibiyar kula da lafiyar yara ta unguwarmu, mutum mai biro uku a aljihu. Bai gama gaisuwa ba idonsa ya sauka kan kumatun Nabila. Yarinyar nan, Allah ya tsare ta daga baki, in ta yi dariya idanunta ɓacewa suke yi.

"Baba Jelani, wagga muka biɗa tun da sahe," in ji shi. "Ka ara muna ita zuwa la'asar."

Na ce, "Lahiyatta lau. Mi za ta yi asibiti?"

"Ai lahiyar muka so, Baba. Mai Girma na tahe duba aiki, ɗiyan da ag garemu kuwa duk ramammu na. In ya gan su sai shi ce ba mu aiki."

Ka ji ilimi. Ni da na ƙare rayuwata kan keken ɗinki ban taɓa sanin cewa marasa lafiya su ne ke ɓata wa asibiti suna ba.

Gaskiya dai cibiyar nan tana aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Kowace Talata iyaye mata kan kai yaran da tamowa ta kama, ma'aikaciyar jinya Malama Wasila ta ɗaura musu ɗan tef na awo mai launi a damtse. Wanda ya faɗa ja, a ba uwarsa ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara wanda zai kai su mako guda. Cikin masu karɓa akwai Bahijja, ɗiyar maƙwabcina Mode mahauci. Sa'ar Nabila ce, kwana tara ne tsakaninsu, amma tun da ƙyanda ta kwantar da ita hannunta ya koma kamar sillen kara. Mako uku ke nan tana kan abincin, har ta fara zama da kanta. Ƙunshinta na ƙarshe ta shanye shi ranar Litinin, kuma uwarta Bara'atu ba ta da wani abin da cikin yarinyar ke karɓa.

Me ya sa na yarda da aron? Ba zan ɓoye muku ba, son a gani ne. Wane kaka ne ba ya son babban mutum ya ɗauki jikarsa? Na sa aka shafa mata hoda, na ɗauko hulata ta Juma'a, muka tafi.

Mun tarar an yi wa cibiya sabon fenti, bangon gaba kaɗai, don Mai Girma ba ya zagayawa. Ƙarƙashin rumfa an jera yara goma sha ɗaya, kowane ya fi wani sheƙi, yawancinsu daga Arkilla, unguwar masu hali, aka aro su. Wata uwar ma da makullin mota a hannu take fifita ɗanta. Nabila ce ta cika sha biyu. Masu cibiyar na gaskiya kuwa an kora su bayan gini, gindin tankin ruwa, an ce su lallashi yaran kada kukansu ya shiga lasifika. Can na hango Bara'atu da Bahijja a goye. Gazali ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓe katinsu, ya ce za a sabunta.

Sai bayan azahar Mai Girma Babban Mai Duba Abin da Aka Riga Aka Duba ya iso, Allah ya ƙara masa yawan motoci, ko da yake yanzu ma sun fi gadajen cibiyar yawa. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce an ba tamowa wa'adi ta tattara kayanta ta bar unguwar nan, ya kuma yi gargaɗin kada a kuskura a ba ta masauki a maƙwabta. Daga nan ya sauko ya bi layin yara, ya tsaya kan Nabila, ya sunkuya ya ɗaga ta. Na ji bayansa ya yi ƙara.

"Wagga cikin wane hali anka kawo ta?" ya tambaya yana nishi.

Gazali ya zaro kati ya karanta da ƙarfi: "Bahijja Mode, ranka shi daɗe. Mako ukku da sunka wuce ko zama ba ta iyawa."

Wuri ya ɗauki tafi. Matar nan mai makullin mota har hawaye ta share. Ni kuwa na buɗe baki zan ce wannan Nabila ce, amma maroƙi ya riga ni, kuma in faɗi gaskiya ban buɗe shi sosai ba. Ana ɗaukar hoto, hulata kuma ta zauna daidai.

Mai Girma, da yake mutum ne mai son ganin aiki da idonsa, ya ɗora ta kan sikeli da kansa. Allura ta yi tsalle. Ya zare biro ɗaya daga aljihun Gazali ya rubuta a katin Bahijja cewa ta warke an sallame ta, ya sa hannu, na bayansa ya buga hatimi. Haka ya yi wa katunan nan sha biyu, cikin abin da bai kai shan shayi ba ya warkar da unguwa guda. Aka miƙa wa Nabila kwalin abinci aka ɗauki hoto, aka karɓe aka miƙa wa na kusa da ita. Kwali ɗaya ya ciyar da yara sha biyu kuma bai ragu ba. Da aka watse, mai riƙe da makullin sito ya bi ayari rakiyar cin abinci, aka ce wa matan bayan gini su dawo gobe.

Washegari kunya ta sa na raka Bara'atu, Mode ma ya bar teburinsa ya biyo mu. Gazali ya duba babban littafi ya ɗago da fara'a.

"Barka, Bara'atu. Bahijja ta warke."

"Ga ta nan bayana, Malam," ta ce. "Tun shekaranjiya ruwa kaɗai taka sha. Dube ta."

"Ni ban musu da ido. Amma sa hannun Mai Girma ya hi idona. Wanda anka sallama ba a ba shi abinci, doka ta."

Na tambaye shi yadda ake gyara. Ya ce abu ne mai sauƙi, sai a rubuta takarda a ce Mai Girma ya yi kuskure, wani ya sa hannu, a kai wa kwamitin da Mai Girma ke shugabanta. Ya miƙo mini biro. Da ya ga ina niyyar karɓa sai ya mayar da shi aljihu.

Mode ya ce, "Shekara ashirin ina aza nama bisa sikeli, ban taɓa auna sa in rubuta akuya ba. Ku wane irin awo kuka yi nan?"

Sai Bara'atu ta matso. Ta kwance goyo, ta zaunar da yarinyar kan teburin Gazali, kusa da katin da ya ce ta warke, ta riƙe ta don kada ta kife. Bahijja ta dube ni ba ta ko yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Na tsufa, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Da kumatun gidana aka cire wa ɗiyar maƙwabcina abinci daga baki, ina tsaye ina gyara hula.

Malama Wasila ce ta yafito ni gefe. Ita ba ta jawabi, shi ya sa har yau ba a ƙara mata girma ba.

"Baba, jikarka na da kati nan wurin?"

"Ba ta taɓa zuwa ba sai jiya."

"To sunanta na nan ba kowa ciki. Ara min shi."

Ta ɗauko sabon kati ta rubuta Nabila Sahabi, ta ɗaura wa Bahijja tef, ya faɗa ja, ta shiga sito ta fito da ƙunshin mako guda. Gazali ya duba katin ta gaba ta baya ya ce wannan kam bisa ƙa'ida yake. Nan take Bara'atu ta yage bakin ƙunshi ɗaya da haƙori. Yarinyar ta kama shi da hannu biyu tana tsotsa, mu manya huɗu muna tsaye muna kallonta, Mode ya juya baya yana gyaran murya. Sauran iyayen ma haka Malama Wasila ta yi da su, kowace ta koma unguwa neman sunan da ba kowa ciki.

Yanzu dai ga inda muke. A ƙofar cibiya an kafa ƙaton allo da hoton jikata, an rubuta Bahijja a ƙasa. Surukata Murja, uwar Nabila, kuwa an aiko mata takarda ta halarci darasin ciyar da yara, tunda a littafi ita ce uwar da ta bar ɗiyarta ta rame, kuma har yau ba ta gaishe ni da daɗin rai. Bara'atu tana can tana koya wa Bahijja ta riƙa ɗaga kai in an kira Nabila, ranar Talata kaɗai.

Jiya Gazali ya tare ni a hanya yana murna, wai Mai Girma ya ji daɗin ziyarar ƙwarai, yana tunanin dawowa. Ranka ya daɗe, don girman Allah ka yi zamanka, mun yafe. Jika ɗaya gare ni, suna ɗaya gare ta. In ka sake warkar da yarinyar nan, ba ni da wani sunan da zan ba ta ta ci abinci da shi.