Ranar da Na Jiƙa Baban Hafsat

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ba zan taɓa mantawa da ranar walimar kammala karatun Hafsat ba, yarinyar da nake nema a lokacin.

Ni mayen tsofaffin motocin tsere ne. A wani gareji a unguwar Cheras da ke Kuala Lumpur ake ƙera kwaikwayonsu, can aka haɗa min tawa: ja wur, kujera biyu, sitiyarin katako. Makanikin ya tambaya ko a sa mata rufi da gilasan gefe da na'urar sanyi. Na ce Allah ya kiyaye, ta asali ba ta da su. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da yarensu, "Boleh lah," wato yadda ka ga dama. (Ni kuwa ji nake na fi kowa wayewa.)

Baban Hafsat ya zo daga Kano don walimar, na nace sai ni zan ɗauko shi daga masaukinsa a Setapak zuwa wurin walimar a Bukit Jalil. Ya fito cikin farar babbar riga da shuɗiyar hula, ya zagaye motar yana murmushi.

"Ɗana, ina rufin?"

"Baba, ai haka ake yayinta tun zamanin da."

Muka hau titi. Inji na ruri, iska na kaɗa mu, masu babur na ɗaga mana hannu. Baba har dariya yake! A raina na ce shi ke nan, an ba ni Hafsat.

Sai gari ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya san ruwan Kuala Lumpur ya san ba ya sallama. Ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ga cunkoso gaba da baya, ba wurin fakewa. Ruwa ya taru har idon sawunmu. Don ruɗewa na juye ledar da na yi tapau, wato na ƙunso abinci a ciki, na miƙa masa ya rufe kansa. (Ya karɓa, ya sa. Har yau abin na damuna.)

Kuma da bakina na ce wa Hafsat kowa ya fito ƙofa da waya a ɗauki isowarmu. Suka kuwa fito. Na zagaya na buɗe masa ƙofa cikin ladabi, ruwa ya kwararo kan takalmin mahaifiyarta. Hular ta zuba, rigar ta koma shuɗiya har ƙirji, ledar na nan a kansa.

Baba ya matse hannun riga, ya dubi matarsa.

"Hajiya, wannan ne kuka ce min mai hankali?"

An dai ba ni Hafsat daga baya, bayan na sha zuwa gaisuwa. Bidiyon kuwa ba dangin da bai gani ba.

Abin da na koya: in za ka yi wa babba burga a garin nan, fara ɗaga kai ka dubi sama. In ka ga hadari, kira masa tasi, ka jiƙe kai kaɗai.