Ɗan Ja Ya Rasu a Gonar Kakau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Malam Zakariyya'u Mai Wankin Kwano na unguwar Makera yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda rufin gidansa ya taɓa yin haske a kudancin Kaduna, rasuwar injinsa na wankin kwanon rufi wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya rasu ranar Talata da hantsi a wata gonar rani da ke Kakau, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai awa guda ba. Ya bar duniya yana da shekara bakwai a bakin aiki. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma kada wanda ya zo ta'aziyya ya ce tsufa ne.

Ga waɗanda ba su san mamacin ba, inji ne mai shan fetur, mai jan fenti, da 'yan tayoyi biyu. Yana zuƙar ruwa daga duro ta wani gajeren tiyo, ya turo shi ta wani dogo zuwa bindigar feshi, da ƙarfin da zai ɗaye dattin shekara goma daga kan kwano kafin maigida ya gama gaisawa da maƙwabcinsa. A bakin tiyon da yake sha akwai wata 'yar rariya da ba ta fi gwangwanin tumatir girma ba. Aikinta ɗaya ne tak, ta bar ruwa ya wuce, ta hana yashi. A riƙe zancen rariyar nan, za a dawo kanta.

Kafin zuwan Ɗan Ja, da hannu Malam Zakariyya'u yake wankin rufi. Burushi, bokiti, omo, da tafin ƙafa a kan jiƙaƙƙen kwano. Kusan shekara takwas ke nan da santsi ya kwashe shi daga rufin wani gidan ma'aikata a Kudenda, ya faɗo a kan ƙugunsa na hagu. Wata biyar ya yi a kwance, har yau da ɗingishi yake tafiya. Da ya miƙe sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayo Ɗan Ja. Daga ranar, a kan tsani yake tsayawa daidai bakin rufi, doguwar bindigar ta kai masa ruwa har tsororuwa, ba sai ya taka kwano ba. Saboda haka wanda ya ce ƙarfe ne kawai ya mutu bai san zancen ba. Ƙafar hagun mutum ce ta mutu.

Mamacin ya kasance mai tashi da wuri, marar ƙiwa. A ja igiyarsa sau ɗaya, ya ce tuf. A sake ja, ya ce tuf-tuf, kamar dattijo yana gyaran murya. A ta uku sai ya ɗauka, gurrrr, unguwa duk ta san an fara aiki. Bai taɓa zaɓen datti ba. Ya wanke baƙin hayaƙin masana'antu, ya wanke kashin jemagu, ya wanke gansakukar da ke kama kwano a ƙarƙashin mangwaro. Bai kuma taɓa tambayar addinin kwano ba. Ya hau masallatai a Makera, ya hau coci-coci a unguwar Television, da murya ɗaya ya yi musu aiki duka. Aikinsa na farko ma rufin wata coci ne a Television, wanda Madam Celina, shugabar zumuntar mata, ta ba su a lokacin da babu mai yarda ya ba gurgu rufinsa.

Babban halinsa shi ne ba ya rufa wa kowa asiri. Mutanen garin nan sun saba su ce a wanke musu gefen da ke kallon titi, a bar na baya, tunda ba mai gani. Ɗan Ja gaba da baya yake wankewa. In kwano ya ruɓe an lulluɓe shi da fenti don a yaudari ɗan haya, feshi ɗaya zai tona ramin, mai gida ya tsaya yana zage-zage. Malam Zakariyya'u yakan ce da masu gidan, inji bai huda muku rufi ba, ya dai nuna muku abin da kuka sani. Yana da nasa aibin, ba za a ɓoye ba. Yana da ƙara, kuma cikinsa ba ya ƙoshi da fetur. Amma bai taɓa karɓar aiki ya gudu ba, abin da ba za a iya faɗa a kan yawancin masu ƙafa biyu ba.

Yanzu sai zancen ciwon ajali, kuma za a faɗe shi yadda ya faru.

Akwai wani babba a Kakau, mahaifin Jummai matar Malam Zakariyya'u, wanda al'ada ta hana a kama sunansa a nan, kuma ba za a kama ba. Injin ban-ruwansa ya lalace, tumatirinsa ya fara yaushi, sai ya aiko a kai masa aron Ɗan Ja. Malam Zakariyya'u ya san injin wankin kwano ba injin ban-ruwa ba ne. Ya san ruwa mai tsabta kaɗai yake sha. Ya ce a ransa zai kai shi da kansa, ya yi wa babban bayani cikin ladabi, ya dawo da abinsa. Tun daga Makera har Kakau, a cikin Keke Napep, yana jera maganar a bakinsa, yana gyara ta, yana rage mata kaifi.

Da suka isa ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Babban ya dafa Ɗan Ja ya ce, “Madalla. Inji ai inji ne, Malam, duk ruwa suke ja.”

Malam Zakariyya'u ya ce, “Haka ne, Baba.”

Duk maganar da ya ɗauko daga Makera a nan ta ƙare.

Aka jefa gajeren tiyon cikin kududdufi, aka ja igiya. Mamacin ya tashi a ja na uku kamar kullum, bai san inda aka kawo shi ba. Feshin farko ya tumɓuke tumatir uku har saiwa, babban ya ce a mai da bakin bindigar cikin magudana. Ba a jima ba laka ta toshe rariya, inji ya fara shaƙewa. Malam Zakariyya'u ya kashe shi, ya wanke rariyar, ya mayar. Ta sake toshewa, ya sake wankewa. A karo na uku babban ya gaji, ya karɓi tiyon da hannunsa.

Ya ce, “Wannan 'yar abar ce ke shaƙe shi. Wa ka taɓa gani yana shan ruwa da ƙyalle a baki?”

Ya murɗe rariyar, ya jefa ta aljihu, ya mai da tiyon cikin laka tsirara.

Malam Zakariyya'u ya ce, “Baba…”

Babban ya waiwayo. “Na'am?”

Mutumin da ke tsayar da matasa a ƙofar masallaci yana yi musu faɗa a kan faɗin gaskiya, mutumin da ya taɓa gaya wa wani Alhaji a gaban baƙinsa cewa rufinsa ruɓaɓɓe ne, ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Ya ce, “Sannu da aiki.”

Da hannunsa Malam Zakariyya'u ya ja igiyar. Ɗan Ja ya yi biyayya. Ya sha laka, ya sha yashi, ya sha har da 'yan tsakuwa, yana turawa iyakar ƙarfinsa. Muryar da aka sani da gurrrr ta koma kar-kar-kar. Ya yi wani nishi mai tsawo, fiiii, kamar yana tambayar mai shi ko ya ga abin da ake yi masa. Sai ya ce tif. Babban ya taɓa shi da ƙafa ya ce kayan zamani ba su da ƙarko.

An garzaya da shi wurin Wilson bakanike a Television, wanda ke duba shi tun yana sabo. Wilson ya buɗe fanfon da ke jikin injin, ya leƙa, ya sa yatsa ya ɗebo laka.

Ya ce, “Oga Zakari, wannan ba fanfo ba ne, fadama ce. Kawo irin shinkafa mu shuka.”

“Ba gyara?”

“Ko wanda ya ƙera shi ya zo, sai dai ya yi maka gaisuwa. Yashi ya cinye cikin, ya kama injin ma ya ƙone. Wane ne ya cire masa rariya?”

Malam Zakariyya'u ya kau da kai.

Wilson ya goge hannu ya ce, “Bar shi, na gane. In ba ubangida ba ne, to suruki ne.”

A gida Jummai ba ta yi masa da sauƙi ba. Ta ce, “Malam, kai da unguwa duk ke gudun bakinka, ka kasa ce wa tsoho ɗaya a'a? Ubana ne fa, ba zaki ba. Da ka gaya mini ai da ni na gaya masa.”

Ba a rubuta wannan don a zagi kunya ba. Kunyar suruki abu ne mai kyau, da ita aka raini Malam Zakariyya'u, kuma ba zai daina durƙusawa ba har ya mutu. Amma a faɗi gaskiya ko sau ɗaya. Hannu biyu ne suka kashe Ɗan Ja. Ɗaya ya cire rariya cikin rashin sani. Ɗayan ya san komai, kuma shi ya ja igiya. Na biyun ya fi laifi, kuma shi ne yake rubuta wannan sanarwa.

Mamacin ya rasu ya bar bindigar feshi ɗaya, wadda ke jingine a bayan ƙofa tana takaba. Ya bar tiyo biyu, babba da ƙarami, ƙaramin har yanzu da lakar Kakau a maƙogwaronsa. Ya bar duro, da galan ɗin fetur da ya rage rabi, da tsani, babban amininsa. Ya bar rariya, wadda ita kaɗai ta tsira ba ko ƙwarzane. Washegarin rasuwar aka aiko da ita daga Kakau a ƙulle cikin leda, tare da kwandon tumatir, da saƙon a yi haƙuri, komai na da ƙarshe. A ƙarshen saƙon kuma aka ce in ba damuwa, a kawo aron tsani ranar Litinin, za a gyara rufin rumbu.

Ya kuma bar maraya ɗaya, wato alkawarin wanke rufin cocin Madam Celina kafin Kirsimeti, wanda aka ɗauka tun watan jiya, aka sa ranar Litinin ɗin nan. Rufin dogo ne, mai gangare, gefensa na baya duk gansakuka. Madam Celina ta zo ta'aziyya da kanta, ta ce, “Baba Zakari, don Allah ka bar shi. Bayan Kirsimeti ma rana ce. Kar ka hau mini rufi da wannan ƙafar, ban shirya kuka ba.” Malam Zakariyya'u ya gode mata, ya kuma gaya mata ta sa a cika duro da ruwa. Wanda ya kasa cewa a'a a Kakau ba zai zo Television ya janye to ɗin da ya faɗa ba. Ya riga ya ciro tsohon burushinsa daga ƙarƙashin gado. Yana tsoron rufin nan, ba ya ɓoyewa.

Ga tsarin jana'iza. Za a ɗauki gawar daga shagon Wilson ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kai ta Panteka wurin masu gwangwan. Ba a yi wa ƙarfe salla, don haka kada kowa ya zo da alwala saboda shi. Ba kuma za a yi masa wanka ba. Wanda ya wanke rufin rabin unguwa zai tafi da laka a cikinsa, yadda aka kashe shi.

Babu zaman makoki a gida. Za a karɓi gaisuwa ranar Litinin tun daga ƙarfe bakwai, a gindin tsani, bayan cocin da aka ambata. Mai gaisuwa ya ɗaga murya, don mai karɓa yana sama. Wanda ya zo ya riƙe tsanin da hannu biyu, wannan ta fi kowace addu'a da zai yi da baki. Kada a ce wa Malam Zakariyya'u sai haƙuri. Yana da shi har ya yi yawa, shi ya kawo mu nan.

Daga wannan za a gane cewa tsani ba zai je Kakau ranar Litinin ba, ba kuma zai je wata ranar ba. Malam Zakariyya'u ya gwada faɗin haka da baki, a gaban madubi ma bai fita ba, shi ya sa ya rubuta. Jummai ta karɓi kwafi ɗaya, ta ce gobe za ta kai, ta karanta wa babban da ƙarfi, ba za ta tsallake layi ba.

Rariya kuwa ba za ta bi gawar Panteka ba. An buga ƙusa a saman ƙofar ɗakin Malam Zakariyya'u an rataye ta, inda zai gan ta kullum kafin ya fita. A duk zuriyar nan ita kaɗai ce ta taɓa hana babban wani abu.