Waƙar da Na Sata, Na Kai wa Mai Ita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Bambeye gaida kakan Rabi, da sabuwar shadda da tsohuwar ƙarya.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Tahoua, ina neman Rabi, bakina kuwa ba ya iya zance. Sai na tsinci wani tsohon kaset a akwatin babana, na wani rukunin masu jita na zamanin da, ko suna babu a jikinsa. Na kwafe baitocin tsaf, na aika mata a wasiƙa, na sa hannu a ƙasa (har da ado, don rashin kunya). Akwai inda aka ce, "Rijiyar Adar da zurfi, amma mai ƙishi ba ya auna igiya." Rabi ta ce ba ta taɓa jin mai hikima irina ba. Ni ma, wallahi, na fara yarda.

Kakanta ne ya rene ta, in ya ce a'a, magana ta ƙare. Na same shi a zaure bayan la'asar, wasiƙata na hannunsa.

"Malam, kai ka tsara wagga?"

"Ni ne, Baba," na ce, har da sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

"Madalla. To, ƙarasa mini baitin ƙarshe."

Kaset ɗin da na kwafa kuwa dama ya tsinke kafin ƙarshe. Na yi tari, na gyara hula, na sake gyara ta. Sai tsohon ya rufe ido ya rera sauran, da wata murya mai rawa. Daga nan ya jawo gwangwani, ya fito da littafin ajami da ya yi ja don tsufa. Ashe tela ne a Tahoua a ƙuruciyarsa, yana ɗinki yana tsara wa mawaƙa kalmomi. Su suka yi suna, shi ko ambatonsa ba a yi. Wannan waƙar kuwa kakar Rabi ya yi wa.

Na so ƙasa ta tsage. Na riga na fara lissafin yadda zan koma tasha ba tare da na haɗa ido da kowa ba.

Sai ya fashe da dariya. "Kai ɓarawo na! Ka zo ɗaukam min mata, ka haɗa da waƙata!" (Matarsa yake kiran Rabi, irin wasan kaka da jika.) Ya goge ido ya ce, "Shekaru nawa ban ji wani ya tuna da ita ba. Na ba ka Rabi. Amma ran biki, ka hwaɗi wa mutane mai waƙar."

Na faɗa, da lasifika, sau uku. Tun daga nan na koyi darasi: in za ka ari riga ka je zance, fara tambayar wanda ya ɗinka ta.