Rasuwar Ƙadangaruwa Mai Shan Lita Biyu a Takarda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu bai daina warin fetur ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki, musamman yayana da ke aiki a ƙasar waje, rasuwar motarsa da ya bar mini amana, wadda mutanen layinmu suka fi sani da Ƙadangaruwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a gefen babban titi, tsakanin wani gidan mai da aka rufe da wata gona da ban san mai ita ba. Ni kaɗai ne a kanta.

Yaya, na san ba ta haka ya kamata ka ji ba. Sau biyu ka kira tun ranar, sau biyu na miƙa wa Umma wayar na ce hannuna da sitati. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na zauna na rubuta. Kwana uku na yi ina haɗa shi a gefen teburin guga, tsakanin riga da riga. Zan tura maka ta waya, ban sani ba ko za ka buɗe kafin ka hau jirgi. Ban sa addu'ar da ake yi wa mutane ba, domin Umma ta ce wannan ba ta ƙarfe ba ce, kuma gaskiyarta.

Marigayiya ja ce, ja mai sheƙi, cikinta a ƙasa, hancinta da tsini, ko a tsaye take sai ka rantse gudu take yi. Ƙofofinta sama suke buɗewa, kamar mutum ya tashi barci yana miƙa. A gefe da gefe tana da manyan ramuka na shan iska. Ranar da na fara wanke ta na sa yatsa a ciki, na tarar a toshe suke da baƙar roba, ashe ado ne kawai. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Zuciya biyu gare ta, ɗaya ta fetur, ɗaya ta lantarki. Idan ka tashe ta ba ta yi maka ihu. "Ɗiii" kawai take cewa a hankali, sai ta sulale. Kajin layinmu ba su taɓa jin zuwanta ba, sai dai su ga inuwa. Amma idan ka taka ta a buɗaɗɗen titi sai ta ce "gurrrum", har ƙirjinka ya amsa. Daga baya na ji cewa rabin wannan rurin daga sifika yake fitowa, a ƙarƙashin kujera. Ban riƙe ta da wannan ba.

Mai haƙuri ce. Tudun kankaren da ke bakin layinmu kullum sai ya goge mata ciki, safe da yamma, ta ce "ƙurrr" ta wuce, ba ta taɓa ƙin fita ba. Umma sau ɗaya ta taɓa shigarta. Shigar ba ta yi wuya ba, fitar ce sai da maƙwabta biyu suka sa hannu. Da ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce, "Auta, wannan ba mota ba ce, kwanciya ce aka yi wa taya." Daga ranar ba ta ƙara ba, amma ita ke korar kaji idan sun hau mata.

Game da ciwon ajalinta, dole in koma ranar da Yaya zai tafi. Ya buɗe aljihun gaban motar, ya fito da wata takarda mai hatimi da sa hannu, ya ɗora yatsa a kan wata lamba.

Ya ce, "Ka ga nan? Lita biyu, kilomita ɗari. Hukuma ce ta auna, ba ni ba. Kada ka koya mata ci, Auta. Yadda na bar ta, haka nake so in zo in same ta."

Na ce, "To, Yaya."

Ya kuma nuna mini wata igiyar wuta mai kauri da ake jona ta a bango don ta sha lantarki. Sau ɗaya na gwada. Ina jonawa gidan gaba ɗaya ya ɗauke, firijin Umma ya yi wata ƙara da ba mu taɓa ji ba. Umma ta ce ko ita ko igiyar. Tun daga nan igiyar ta koma tsakar gida ana shanya a kanta, kuma ko bargo biyu aka ɗora ba ta lanƙwasawa.

To, a hannuna marigayiya ba ta taɓa shan lita biyu ba. Takwas take sha, wata rana tara. Mai zuba mana mai a gidan man kwana har suna ya sa mini.

Da na tsaya sai ya ce, "Lita Biyu, barka da zuwa. Yau nawa za a ba gimbiya?"

In ce, "Biyu."

Ya ce, "Biyun yanzu, ko har da biyun da za ka dawo anjima?"

Masu babura su yi ta dariya. Ni ma nakan yi, domin ba da mugunta yake faɗa ba. Amma idan na bar wurin sai in fito da takardar in sake duba lambar.

Ban taɓa zargin takardar ba, wannan ina so a sani. Waɗanda suka rubuta ta sun yi karatu, ni aji huɗu na tsaya. Idan lambarsu da tawa suka saɓa, ai ba sai an tambayi ta wa ce ta karkace ba. Sai na ce laifin nawa ne, ni na ɓata ta. Maigidana a shagon wanki da guga yakan ce hannuna da nauyi a kan dutsen guga, sai na ce ƙila ƙafar ma haka take, na koma tuƙi ba takalmi. Na kashe na'urar sanyi, na rufe gilashi don kada iska ta riƙe ta, nakan isa wurin aiki kamar an tsamo ni daga baho. Na cire kafet, na cire jak ɗin ɗaga mota, na daina ɗaukar kayan gugar mutane a cikinta. Masu keke suna wuce ni suna waiwaye. Da duk wannan ta sauko bakwai. A nan ta tsaya, ta ƙi ƙara sauka ko taki ɗaya.

Ana haka Yaya ya kira, kwana goma da suka wuce, ya ce ranar Asabar ta mako mai zuwa zai sauka.

Ya ce, "Ka zo filin jirgi da ita, a wanke. Ni zan tuƙo mu gida. Tana nan yadda na bar ta ko?"

Na ce, "Tana nan, Yaya."

Ranar ban iya cin abinci ba. A wurin aikinmu, idan wando ya ɗauki karin da ba nasa ba, ba a jefar da shi. Yayyafa masa ruwa ake yi a danne, a sake dannewa, har ya koma kan layinsa na asali. Abin da na sani ke nan, shi na yi. Na ce zan ba ta lita biyu cif in ɗauki hanya, in ta ga babu ƙari za ta tuna abin da aka rubuta a kanta.

Ranar Juma'a na bari allurar mai ta kwanta, na auna lita biyu da gorar ruwa na zuba. A kilomita ashirin da huɗu zuciyar fetur ta ce "tuf, tuf", ta yi shiru. Amma motar ba ta tsaya ba, ta ci gaba da sulalewa da ɗaya zuciyar. Wallahi daɗi ya kama ni, har na shafa mata sitiyari na ce yauwa, kin tuna. Sai ta fara "tin, tin, tin", wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, da rubutu cikin yaren da ba na ji. Na ɗauka ƙorafi ne irin na wanda aka rage wa abinci. Na cire hulata na rataya a kan fitilar don kada tausayi ya hana ni. Ta ƙara kilomita huɗu, ta kwanta. Na hau babur na sayo mai, ta daɗe kafin ta farka.

Ranar Lahadi na sake, ta farka da ƙyar. Ranar Talata na sake. Wannan karon "tin" ɗin ya yi ta nisa da juna, na ƙarshen ma bai ƙarasa fita ba. Na zuba mai, na danna maɓalli, ban ji "ɗiii" ba. Na sake dannawa. Na zauna a ciki ƙofa a ɗage har inuwa ta koma ɗaya gefen titin.

Janwe ce ta kai mu wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Ya jona mata ƙaramar na'ura, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗana, babban batirin ya tafi. Sau nawa ka bar ta ta ja kanta babu mai?"

Na ce, "Uku, Baba."

Ya ce, "Da gangan?"

Na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Bai yi dariya ba, kuma ina gode masa da wannan.

Ya ce, "Takardar nan ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba da kai take magana ba. A ɗaki suke auna su. Su ɗora mota a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, batir cike taf, babu iska, babu tudu, babu rana. Tayoyi na gudu, mota na tsaye."

Na ce, "Baba, kilomita ɗarin fa?"

Ya ce, "A ɗakin ta yi su."

Na ce, "To wa ke zuwa wani wuri a cikin ɗaki?"

Ya cire tabarau ya ce, "Wannan kam sai su."

Na roƙe shi ko akwai dabara. Ya nuna mini wasu wayoyi masu launin lemo a ƙarƙashinta, ya ce yana da 'ya'ya, ba zai sa hannu a nan ba, kuma irin batirin bai taɓa ganinsa a kasuwa ba. Da na faɗa wa Umma, sai ta ce, "Shi ma yayan naka a takarda ya gani. Wata biyu ya yi da ita, kullum tana jone a wurin aikinsa." Na gane lallashina take yi. Amma a hannuna aka bar ta da rai.

Marigayiya ta rasu ta bar makulli ɗaya, da igiyar wuta da ke ci gaba da hidima a tsakar gida, da kafet da jak da ke jingine a bayan ƙofar ɗakina. Ta bar tudun kankare, abokin gabarta, wanda yanzu ba shi da cikin da zai goga. Ta bar takardarta cikin ƙoshin lafiya, ko tabo babu, har gobe lita biyu take cewa. Ta bar Yaya, wanda shekara biyu yana kallon hotonta a waya. Ta bar ni.

Za a yi mata wanka gobe Asabar da safe a ƙofar garejin Baba mai waya, ni da kaina zan yi, da soso mai laushi. Daga nan za a tura ta zuwa bayan garejin, gindin bishiya, inda Baba ya ba mu wuri har mai ita ya yanke shawara. Ana buƙatar maza huɗu masu ƙarfi, domin akwai dakali a hanya kuma ba na so cikinta ya taɓa ƙasa. Za a lulluɓe ta da tamfol. Ana roƙon masu babura kada a yi oda. Mai son yin gaisuwa ya same ni a shago daga Litinin, idan ina nan, amma don Allah kada a tambaye ni lissafin mai.

Da an gama zan hau motar haya zuwa filin jirgi. Yaya, idan ka fito kada ka wahalar da idonka wajen da motoci ke tsayawa. Ka duba wajen masu tsayuwa da ƙafa, kusa da ƙofa. Ba zan ɓuya ba. Duk abin da za ka faɗa, ka faɗa mini a can kafin mu iso gida, saboda Umma. Jakarka ni zan ɗauka.

Mai sanarwa,
ƙaninka Auta, mai guga.